Darmasa Cikin Ƙoƙon Riskuwa

Sau ɗaya Nu'uman ya taɓa ganin teku a rayuwarsa, shi ma ganin bai kai awa biyu ba. Yana ɗan shekara ashirin da biyar ya bi motar albasa zuwa Ikko, direba ya tsaya kusa da tashar jiragen ruwa, shi kuma ya sauko ya ga ruwan da ba shi da tsallake, da jiragen da suka fi masallacin Juma'a girma. Ya dawo Argungu ya ci gaba da sana'ar ubansa ta gyaran kwalekwale a bakin gulbi, yana toshe ɓula da tsumma da kwalta. Hankalinsa dai bai biyo shi gida ba.

Daga shekarar ya fara rubuta tarihin Darmasa. Kada wani ya wahalar da kansa neman garin, babu shi a duniyar nan, Nu'uman ne ya gina abinsa. Birni ne a bakin teku, wata masunciya ta kafa shi bayan wani ƙaton kifi ya tofo ta a kan rairayi. Kadoji masu fukafukai ke janyo jirage zuwa gaɓa. Duk baƙon da ya sauka sai ya ba mai tsaron ƙofa labari ɗaya kafin a bar shi ya shiga. An yi sarakuna goma sha ɗaya, an yi yaƙi da mutanen ƙarƙashin ruwa, an yi shekarar da teku ta yi fushi ta janye har kwana arba'in. Kullum bayan la'asar sai ya zauna a zaure da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa, ya yi ta zuba ajami ba wasali, kowace takarda da bisimilla a samanta. Shekara talatin yana wannan, har gafaka uku suka cika.

Matarsa Riskuwa ta tambaye shi tun tana amarya. "Malam, mi kaka rubutawa haka kullum?"

Kunya ta kama shi. Ta yaya magidanci zai ce wa matarsa yana rubuta labarin kada mai tashi sama? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Addu'a ta."

Ta leƙa ta ga bisimilla, wadda ita kaɗai take iya ganewa a wannan rubutun nasa mai kama da sawun kaji, ta ja da baya cikin ladabi. Ba ta ƙara tambaya ba. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ta ɗauka a ranta abin da mijinta ke roƙo ke nan, ta ƙara ganin girmansa. Shi kuwa ya ji daɗin an ƙyale shi, ya bar maganar a haka.

Mutum ɗaya ya taɓa gaya wa gaskiya, Desmond, wani mutumin Filato mai shagon buga takardu a Nasarawa cikin Birnin Kebbi. A mota suka haɗu, hira ta yi daɗi, Nu'uman ya saki baki ya ba shi labarin shekarar da teku ta janye. Desmond ya ce wannan bai kamata ya ruɓe a ɗaki ba. Shi bai iya ajami ba, amma in Nu'uman zai riƙa zuwa duk Asabar yana karantawa, zai buga masa a kwamfuta. Suka sa ranar farawa. Ranar Alhamis, saura kwana biyu, Nu'uman ya faɗi a bakin gulbi da tukunyar kwalta a hannunsa.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, magana ta tafi. An kai shi asibiti, an dawo da shi da ƙwayoyi a leda. Riskuwa ta dubi mijinta kwance, ta dubi gafaka uku a rataye, ta ga ai maganin yana cikin ɗaki. Wace addu'a za ta fi wadda mutum ya rubuta da hannunsa shekara talatin? Ta yi alwala, ta sauko da gafakar ƙarshe, ta zaro takardu uku na sama ta jiƙa a ƙoƙo, yadda ake wanke rubutun sha a allo. Tawadar gawayi da ƙaro ba ta gardama da ruwa. Nu'uman yana kallo sarki na goma sha ɗaya ya narke.

Ya yi gurnani, ta ce ciwo ne. Ya kai hannun hagu ya bige ƙoƙon, ruwan ya zube. Ba ta yi fushi ba, ta goge ƙasa, ta zaro wasu uku ta jiƙa. A nan ya gane lissafin da ya karya masa zuciya: duk ƙin shan da zai yi, takardu shida zai ci maimakon uku. Daga ranar ya koyi buɗe baki.

Desmond ya zo duba shi sau ɗaya, da lemo a leda. Ya tambayi Riskuwa littafin da Malam ya ce yana rubutawa. Ta ce ita ba ta san wani littafi ba sai na addu'o'insa. Desmond ya daɗe a Kebbi, ya san ba a taɓa irin waɗannan takardu na maƙwabtansa Musulmi, sai ya kawar da kai daga ƙoƙon don girmamawa. Nu'uman ya kafa masa ido, hawaye na gangarowa ta gefe ɗaya. Desmond ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi neman motar Birnin Kebbi.

Da yake daga sama take zarowa, tarihin da baya ya riƙa tafiya. Safe da yamma Darmasa tana raguwa. Ganuwa ta rushe, kasuwar gishiri ta watse, teku ta dawo kafin ta janye, sarakuna suka koma cikin iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ƙoƙarin riƙe su a ka, amma kan ma ciwon bai bar shi lafiya ba. Wata safiya ya nemi sunan sarki na huɗu ya rasa, kuma babu mahaluƙin da zai tambaya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba shi da wanda zai zarga. Bakinsa ne ya ce addu'a ce.

Damina ta wuce, aka yanke shinkafa a fadama. Wata la'asar Riskuwa ta shigo da takarda guda, ta tsufa har ta yi ja. Ya gane ta tun daga ƙofa. Ita ce ta farko, wadda kifi ya tofo masunciya a kan rairayin da babu kowa.

"Wagga ɗai tar rage, Malam," in ji ta. "In ba ta yi ba, ban san mi za ni yi ba."

Ta tsoma ta a ruwa. Ya dubi yatsunta, sun yi baƙi har cikin farce, irin baƙin da sabulu ya daina fitarwa. Ta tallafo kansa, ya buɗe baki ya shanye tas.

Ta goge masa leɓe da bakin zanenta, ta tattara gafaka ukun ta mayar kan ƙusa.

"Na adana maka su," ta ce. "In ka samu lahiya sai ka sake rubuta muna wasu."