Bayan-Hannu, Wanda Ya Sauko da Faranti Daga Kan Mota

Ni na fara ganinsa, duk wanda ya ce ya riga ni ƙarya yake yi. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ranar da ya shigo garejin ƙungiyarmu da filaya a aljihu, ya ɗora bayan hannunsa a kan wayar batirin motata ya ce, "Direba, wannan wayar za ta ƙone kafin azahar." Na yi masa dariya har da buga cinya. Da hantsi ta ƙone. A ranar na raɗa masa Bayan-Hannu, sunan ya bi shi har yau, jikokinsa ma da shi suke kiransa.

Ni direba ne, shekara arba'in da bakwai ina riƙe da sitiyari. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan, na kuma gaya mata duk kalmar da ta gyara mini ban yafe ba. Sau uku mota ta kife da ni. A na biyun har an lulluɓe ni da zane ana salati, na yi atishawa, mutane suka watse. To mutum irina in ya ce wane gwani ne, ba a tambayarsa takarda.

Abin da ya sa na ce a ɗauko biro, wata takarda ce da aka manna a ƙofar gareji. Layin farko ya ce ƙarshen watan nan Bayan-Hannu zai ajiye aiki. Layi ɗaya tak, ko sannu babu. Ƙasa da shi kuma layi goma, wai duk haɗin wutar da wanda ba shi da takardar shaida ya yi a motocin ƙungiya za a cire shi. Wato aikinsa. Wato abin da ya sa nake numfashi yau.

Ku da ba ku san shi ba, ga yadda yake. Kullum yana isowa gareji kafin maigadi ya gama shayin safe. Ya rataye rigarsa a ƙusa ɗaya da ya kafa da hannunsa, ya sa shuɗiyar rigar aiki, ya share lungunsa da kansa, ya shimfiɗa buhu ya jera filaya da sukundireba da mita da gwangwanin fis. Sannan ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya. Ba ya gaisawa da kowa sai ya gama taɓa wayoyi da bayan hannu, kamar uwa mai duba zazzaɓin jariri. In ya ji ɗumi sai ya tsaya ya girgiza kai ya ce, "An ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta." Shi ke nan, ranar motar ba za ta fita ba, ko manaja zai yi tsalle ya dira.

Ƙungiyarmu asibitin tafi-da-gidanka take kai wa ƙauyukan da ko wayar salula ba ta kamawa. Motata motar kwana ce: gado a ciki, firjin allurai, ɗan murhun gas, tankin ruwa. Mu biyu muke fita, ni da malamar jinya da kowa ke kira Sista, wadda nake ɗauka kamar 'yar cikina. Mukan yi kwana biyar ba mu ga kwalta ba.

Shekara biyu da suka wuce aka sayo mana farantin intanet, ɗan fari mai kusurwa huɗu kamar tiren shayi, wanda ke magana da tauraron ɗan'adam, don Sista ta riƙa ganin likita ido da ido daga daji. Aka turo injiniya mai kwat ya ɗora. Bai tambaye ni komai ba, ko sunana. Ya hau rufin motata ya huda shi wuri huɗu, ya ɗaure farantin da noti kamar wanda zai gudu, ya ja waya ya haɗa da batirin da ke ta da injin. Aka tafa, aka ɗauki hoto.

Fitarmu ta farko na yi abin da kowane direba mai hankali yake yi tun da aka ƙera mota: na nemi babbar bishiya na shige inuwa. Faranti ya yi shiru. Da muka dawo, injiniya ya dube ni kamar na saci akuya.

"Baba, me ya kai ka ƙarƙashin bishiya? Farantin nan sararin sama yake so, ganye ɗaya ma ba ya ƙauna."

Na ce, "Ɗana, ka taɓa zama cikin gwangwani da tsakar rana?"

"Littafinsa ya ce a fili."

"Littafin ne zai riƙe wa mai ciki lema? Littafin ne zai yi wa firjin allurai fifita?"

Ya ce ni dai in bi umarni. Na bi. Fita ta biyu na kafa mota a tsakiyar rana kamar an aiko ni shanya. Sista ta jiƙe sharkaf, masu jiran awo suka tsere inuwa suka bar mu, firji yana ta gurnani. Da la'asar na murɗa ki, mota ta ce ƙyat, ta yi shiru. Faranti da firji sun shanye batir tas. Matan da suka kawo jarirai allura, su suka tura mu cikin yashi da goyo a baya. Ni, da ko a mafarki ba a taɓa tura ni ba! Da damina ta sauka kuma, ramukan nan huɗu suka riƙa ɗiga a kan gadon marasa lafiya, har kwano muke tarawa.

Na kai wa Bayan-Hannu motar ina huci. Bai taɓa ko noti ɗaya ba. Ya ce, "Gobe zan bi ku." Ya zauna a baya yini guda yana kallon inda nake tsayawa, inda mutane ke zama, inda Sista ke ajiye kwamfuta, sau nawa ake buɗe firji. A hanyar dawowa ya ce, "Direba, kai ba za ka daina shiga inuwa ba."

Na ce, "Sai dai a kabari, nan ma inuwa ce."

Ya ce, "To ka yi zamanka. Farantin ne zai fita rana."

Kwana huɗu ya yi. Ya toshe ramukan rufi, har yau ko ɗigo. Ya ƙera wa faranti akwati mai kwaɗo a kan ƙarfen ɗora kaya, ya shimfiɗa masa robar tsohuwar taya don kada gargada ta karya shi, ya yi masa ƙafafu uku da ƙarfen wata karyayyiyar kujera. Ya samo waya mai kauri, taku talatin, ya naɗe ta a rim ɗin babur, ya yi wa rim ɗin mariƙi kamar na injin markaɗe. Ka tsaya a inuwa, ka sauko da faranti, ka ja waya zuwa fili, ka dasa. Ya kawo batir na biyu ya sa a akwati mai ramukan shan iska a ƙarƙashin gado, shi ke ciyar da faranti da firji. Wata sola mai naɗewa da ya haɗa masa na cika shi a rana, injin na cika shi a tafiya, amma da zarar ka kashe mota sai wani ɗan makunni ya raba su, batirin injin ya kwanta ya yi barcinsa ba mai taɓa shi. Fis kuwa ya sa shi taƙi ɗaya daga batir, ba can nesa inda injiniya ya ɓoye nasa ba.

Da ya gama bai sallame mu ba. Ya naɗa jan tef a bakin waya da bakin soket, ya sa ni da Sista muka sauke, muka ja, muka haɗa, muka naɗe, sau goma. Sista ta gaji ta ce, "Haba Baba Bayan-Hannu, ai ko akuya ta iya yanzu!"

Ya ce, "Sake, 'yata. Ranar da za ki buƙace shi da gaske, hannunki rawa zai yi."

Ranar ta zo bayan wata bakwai. Muna wani ƙauye, tafiyar awa huɗu daga kwalta, rana tsaka, mun gama aiki har mun naɗe faranti za mu tashi. Na sunkuya duba taya, sai na ji kamar an faka tirela a ƙirjina. Hannun hagu ya mutu, gumi ya karyo. Na zauna a ƙasa.

Sista ta ce, "Baba, kada ka yi mini haka!"

Na ce, "Ni? Mota uku ba ta kashe ni ba." Amma muryar ba tawa ba ce.

Aka kwantar da ni a gado. Ta ƙofa ina hangen ta tana gudu da faranti a ka, rim na juyawa, waya na warwarewa. Hannunta rawa yake, na gani da idona, amma ja ya nemi ja, ta haɗa. Kafin in gama kalmar shahada sau uku ga likita a allo. Ta manna mini wayoyin gwajin zuciya ta tura masa. Ya gaya mata abin da za ta ba ni, sannan ya ce, "Kada ku tsaya a asibitin kusa, ba su da abin yi masa. Ku wuce babban, za mu jira ku a ƙofa." Da ba don maganar nan ba, da a asibitin kusa za a lulluɓe ni karo na biyu, kuma ba na jin akwai sauran atishawa.

Tun safe firji da faranti ke shan wuta. Sista ta hau kujerata, ta murɗa ki. Bugu ɗaya mota ta tashi. Ni na koya mata tuƙi, saboda haka daga kan gado na ce, "Sa giya uku, 'yar nan, za ki cinye mini kuloci!"

Ta ce, "Baba, ka yi shiru ka rayu!"

Na yi shiru, na rayu.

To ku ji abin takaici. Ƙarshen shekara ƙungiya ta buga littafin ayyukanta mai sheƙi. Labarina na ciki, shafi biyu. Hoton wa aka sa? Injiniya mai kwat, tsaye a jikin motata, ya dafa rim ɗin babur yana murmushi kamar shi ya haife shi. Na sa ɗiyata ta karanta mini sau biyu, ko ta tsallake layi. Babu Bayan-Hannu ko a gefen shafi. Na haɗiye wannan. Sai ga takardar ƙofar gareji.

Na shiga ofishin manaja ko sallama ban ƙarasa ba. Ya ce, "Baba Direba, zauna mana. Doka ce daga sama. In gobara ta tashi a motar, wa za a tuhuma?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara talatin da ɗaya, mota nawa ta ci wuta a hannunsa?"

Ya duba wayarsa.

Na ce, "Mata nawa suka tura motar mai takarda?"

Ya ce zai duba lamarin. Na san irin wannan dubawar, ita ake yi wa taya har ta fashe.

Na wuce lungun Bayan-Hannu ina kumfa, na ce ya tashi mu je mu ta da ƙura tare. Yana goge filaya da tsumma, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Bar su, Direba. Ka dai gaya musu in za su cire, su fara zare fis ɗin da ke kusa da batir, kada wani ya ƙona hannu."

Kun ji fa! Za a tumɓuke aikinsa, shi hannun mai tumɓukewar yake ji.

Bayan-Hannu, kai ne ka bi direba ka ga inda yake tsayawa kafin ka ɗauki sukundireba. Kai ne ka ga cewa mai ciki ba za ta zauna a rana don a faranta wa faranti rai ba. Kai ne ka san hannun Sista zai yi rawa wata bakwai kafin ya yi. Gwanin waya, mai jin ciwon ƙarfe. Ba su sa hotonka a littafi ba, to ga ni, ni ne hotonka, ina yawo da ƙafafuna ina ɗaukar jikoki. Na gode. Ɗiyata da ke rubutun nan ta ce in ce ita ma ta gode, ga hawaye sun ɓata mata layi. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa hannun nan ya huta ba ya rawa.

Ku kuma masu tasowa, masu takarda da marasa ita, ban ce ku yar da karatu ba, ni ma da na samu da na yi. Amma kafin ka huda rufin motar mutum, bi shi yini guda ka ga yadda yake rayuwa a cikinta. Ku je lungun tsohon nan kafin wata ya ƙare, ku durƙusa ku koya, ba zai hana ku ba.

Wanda kuma yake ganin surutun tsufa nake yi, manaja ne ko injiniya ko wanda ya rubuta dokar daga sama, ga fili. Akwai babbar bishiya a bayan gareji. Ku kawo motar da mai takarda ya haɗa, in kawo tawa, mu faka su gefe da gefe a inuwa tun hantsi, a kashe injin, a bar firji a kunne. Da la'asar kowa ya kira likita, sannan kowa ya murɗa ki. In tawa ta gaza, ni da hannuna zan zare fis ɗin, in miƙa muku makulli, in aske gemun nan a gaban kowa. In taku ce ta gaza, ku yage takardar ƙofa, ku bar wayarsa inda ya sa ta, ku rubuta sunansa. Ku kuma zo da masu turi, don matan ƙauye sun ce sun gama nasu.