Na Tarar da Likitan da Muka Rasa a Unguwar Safa

Ana kiran assalatu muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da likitoci biyu na sashenmu. Ni ba likita ba ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sakatariyar sashen horar da likitocin iyali, masu fara ganin mara lafiya kafin a tura shi wurin ƙwararre. Jadawalin aikinsu da takardun hutunsu duk ta teburina suke bi. An tura mu Jidda mu ga yadda wata cibiyar lafiya take kula da masu koyo.

Muna fita daga filin jirgin Jidda tabarau ɗina ya yi hazo saboda ɗumin teku. Direbanmu Bahaushe ne haifaffen unguwar Nuzla a Jidda, bai taɓa taka Najeriya ba. Rabin zancensa Larabci ne, "yalla" kawai nake kamawa. Titi shimfiɗe, gada kan gada, har masauki ban ji motar ta faɗa rami ba. Ya sayo mana shinkafa bukhari da gasasshiyar kaza, faranti ɗaya ya gagare mu mu uku. Shayi kuwa, da na ji kuɗinsa, kurɓa-kurɓa na sha shi.

Washegari muka je cibiyar, a unguwar Safa. Nan na riƙe baki. Kowane likita mai koyo yana da babba a ɗakin kusa, wanda aka rage wa marasa lafiya don kawai mai koyon ya riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ga nas tare da shi, ga wata dattijuwa 'yar Nijar tana tafinta tsakanin likita da masu jin Hausa. Akwai wadda aikinta ta tabbatar kowa ya tafi hutunsa. Sau biyu na sa aka maimaita mini wannan. A wurinmu mai koyo shi ne mai neman fayil, shi ne mai tura keken mara lafiya.

Sai shugabar wurin ta ce za ta haɗa mu da likitan da ke zama da masu koyo duk mako yana jin damuwarsu, kuma ɗan ƙasarmu ne. Ƙofa ta buɗe, Dakta Nuhu ya shigo. Nan take na gane shi.

Shekara shida da suka wuce yana cikin masu koyonmu. Wata Lahadi da rana aka bar shi shi kaɗai, aka kawo yarinya mai asma numfashinta yana sarƙewa. Ya kira manya, babu wanda ya ɗaga waya, ta cika a hannunsa. Ranar Litinin ya zo teburina neman hutun kwana uku. Ko ɗago kai ban yi ba, na ce babu mai canjinsa, ya yi haƙuri. Bayan wata biyu ya daina zuwa. Da hannuna na rubuta a fayil cewa ya gudu daga aiki.

Ya gaishe ni da ladabi kamar dā. Na ce, "Dakta, ka yafe mini."

Ya ce, "Halas, Hajiya, ya wuce. Amma shekara guda na yi ban iya duba yaro ba. A nan ne wani ya fara zaunar da ni ya tambaye ni abin da ya faru. Ranar da na zo wurinki ma, abin da nake nema ke nan."

Da yamma aka kai mu bakin teku a Abhur. Abokan tafiyata suna ta yabon soyayyen kifi, ni kuwa hankalina yana kan maganar Dakta Nuhu.

Kwana biyar muka yi muka dawo. Washegarin saukarmu na ciro fayil ɗinsa, na soke abin da na rubuta, na sa gaskiyar abin da ya faru, na kai wa shugaban sashe ya sa hannu. Na kuma faɗa masa ba zan sake liƙa jadawalin da babu sunan babban likita a gefen kowane mai koyo ba. Gine-ginen cibiyar Jidda da na'urorinta sun fi ƙarfinmu, wannan na yarda. Amma gyara abin da ya raba mu da Dakta Nuhu ba ya buƙatar kasafi, kuma a teburina muka rasa shi.