Tagar da Na Yarda Aka Toshe

Ranar Alhamis ce, da ƙarfe tara da kwata na safe, a tsakiyar marka, shekara biyu bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato. Mu uku ne manya a tsakar gidana na Bungudu: ni, da matata, da surukar 'yata, wadda ta taso daga 'Yankuzo tun da asuba domin ganin jikanta. Na huɗunmu shi ne jaririn, kwanansa biyar a duniya, kuma wannan ne karo na farko da aka fito da shi daga ɗakin da aka haife shi. Na tabbata da lokacin domin na duba agogona. Ɗabi'ata ce in duba agogo duk sa'ad da wani abu ya faru, ko da dubawar ba za ta gyara kome ba.

Abin da na gani a safiyar nan ba zai fahimtu ba sai na ɗan koma baya.

Iyayena manoma ne, Musulmi, amma a makarantar mishan na yi karatu, a can kuma na koyi aikin asibiti a hannun wata Baturiya wadda ba ta san wasa ba. Cikin dukan abin da ta koya mana, akwai ƙa'ida ɗaya da take tsanantawa a kanta har da rula a bayan hannu: ba a duban fatar marar lafiya ko farin idonsa sai a hasken rana. A cewarta, kowace fitila tana da launinta, tana shafa wa mutum shi, ta ɓoye nasa. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aiki a asibitin sha-ka-tafi, yawancinsu a Tsafe, ban taɓa saɓa wannan ƙa'ida ba. Nakan sa a ɗauko marar lafiya zuwa bakin ƙofa ko da yana nishi. Na taɓa kora wani ma'aikacina gida na kwana uku saboda ya duba idon wata mata da tocila. Mutane sun ce ina da tsanani, ban musa ba.

Da cikin 'yata ya tsufa, mijinta ya kawo ta daga Damba, inda suke zaune a Gusau, ta zo goyon ciki gidanmu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ni kuwa na riga na yi ritaya, ba ni da aiki sai gyaran abin da bai lalace ba. Na zaɓar mata ɗakin gabas, na sa aka share aka wanke, aka shafe shi da ragowar fentin zaure, mai ruwan ƙwai. Na jawo waya da hannuna na rataya ƙwan lantarki a tsakiyar rufi, don kada matan su kunna aci-balbal hayaƙi ya cika wa jariri ƙirji. Saboda ɗauke wuta, na tanadi fitilar ƙwai, na wanke ta, na daidaita lagwaninta.

Daga nan muka shiga jayayya da matata, wadda take da nata ƙa'idodin da ta gada, kuma ba ta fi ni saurin saki ba. Mako biyu muka yi. Na hana a gasa mai jego a kan gadon wuta. Na rage kanwar kunu zuwa abin da ba zai cutar ba. Na ce ruwan wanka a sirka shi, reza ta zama sabuwa kuma dafaffiya, cibiya kada a shafa mata kome sai abin da na bayar da kaina. Babu ɗaya da na samu ba tare da fushi da rufe ƙofa ba.

"Malam," in ji ta a ƙarshe, "ka hana wuta, ka hana kanwa, saura ka ce kai za ka yi naƙudar. Abu guda nike roƙo, ka bar min taga. Marka ce, sanyi na shiga mai jego, kuma ba a fid da jinjiri kafin suna. Haka anka yi min, haka anka yi ma uwata, ga mu nan ba mu mutu ba."

Na duba na ga na ci biyar, ita ɗaya take nema. Na kuma gaji. Mutum yakan gaji da yin gaskiya a cikin gidansa. Na ce ta toshe. Ta cusa tsumma a tagar, ta buga tsohon bargo a kai, ta saki labule mai kauri a bayan asabarin ƙofa. Tun daga ranar ɗakin bai ƙara sanin safe da yamma ba. In akwai wuta, ƙwan lantarkina ne. In babu, fitilar ƙwai ce. Dukansu kuma haskensu rawaya ne.

An haihu ranar Asabar da hantsi, namiji, a hannun ungozomar unguwa, wadda sai da na ga ta wanke hannu sau biyu na bar ta ta shiga. Ni ban shiga ba. 'Yata ita ce ta fari a gare ni, akwai kunya tsakaninmu. Ban taɓa kiran sunanta ba, balle in zauna a ɗakin jegonta. Daga bakin labule nake tambaya, daga ciki ake amsawa. Ruwa kuma ya tsuge tun daga Lahadi, ba a ga rana ba.

Ranar Talata da la'asar matata ta same ni a zaure, ta ce yaron ba ya kama nono sosai, barci yake ta yi. Na wanke hannu, na ɗauki ma'aunin zafi, na yi sallama na shiga. 'Yata ta ja mayafi ta juya fuska bango. Na auna zafin jikinsa, daidai. Na duba cibiya, ta bushe, babu wari. Na ƙirga numfashinsa da agogo har sau biyu. Sa'an nan na ɗaga fatar idonsa, na danna goshinsa da yatsa na saki, kamar yadda ake yi in ana neman alamar ciwon shawara. Bango ruwan ƙwai, haske ruwan ƙwai; zanen gado, hannuna, gefen fuskar uwarsa, kome launinsa ɗaya. Yaron bai fi kowa rawaya ba.

Ba zan ce na manta da ƙa'idar ba. Da mantawa na yi, da abin ya fi mini sauƙi. Na tuna ta sarai, a daidai lokacin da yatsana yake kan goshinsa. Tsakanin gadon da bakin rumfa taku bakwai ne; na auna daga baya. Ana yayyafi, amma hasken la'asar ko a ƙarƙashin gajimare ya isa. Na dubi matata a tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta ɗaure fuska domin ta san abin da ke raina. Na hango sabuwar rigima, da kuka, da cewa na karya alkawari. Na kuma ce a zuciyata, idon da ya shekara talatin yana ganin shawara ba ƙwan lantarki ne zai ruɗe shi ba.

"Baba, lafiya dai?" in ji 'yata, ba tare da ta juyo ba.

"Lafiya lau," na ce. "Ki riƙa tashinsa yana sha."

Na fito na wanke hannu, na mayar da ma'aunin cikin kwalinsa.

Ranar Alhamis gari ya waye tas, rana ta fito. Surukar 'yata ta iso da ƙwaryar man shanu da damin gero a bayan mota. Mutanen gidansu makiyaya ne, ita kuma doguwar mace ce mai babbar murya, ba ta ɓoye abin da ke bakinta. Ta shiga ɗakin, ba ta daɗe ba ta fito tana mutsuka ido.

"Wannan ɗaki ne ko rumbu? Na shiga ban ga komi ba sai ƙwan wuta. Ku hiddo min angona in gan shi da kyau. An ce min hancinmu ya ɗauko, ni ko ban yarda da an-ce ba."

"Haba Hajiya," in ji matata, "saura kwana biyu suna."

"Kwana biyu ina zaman aure da mijin da ban ga fuskarshi ba? In mummuna ne gara in sani tun yanzu, in nemi takardata in koma 'Yankuzo."

Matata ta yi dariya. Ba a gardama da baƙuwa, balle suruka. Ta shiga ta naɗo shi a zane ta miƙa mata. Abin da ni mai ilimin aikin na kasa nema saboda gudun rigima, an ba wata saboda wasan jika.

Tsohuwar ta tsaya a tsakiyar rana ta buɗe zanen. "Kai, masha Allah! Ango fari sol. Wannan jar fatar tamu ce, ba ta Bungudu ba."

Na matso don in amsa wasan, sai na ga farin idonsa kamar garin ɗorawa. Na buɗe zanen gaba ɗaya. Ƙirji, ciki, cinya, duka. Na sha koya wa ma'aikatana cewa shawarar jariri daga kai take gangarowa, in ta kai tafin ƙafa to ta yi nisa. Na danna tafin ƙafarsa na saki. Rawaya ne. Ya yi wani kuka siriri mai tsini, ya banƙare baya. A nan ne na duba agogo.

"Malam, mi ya faru?" in ji matata.

"Ku ɗauko mayafi. Gusau za mu."

Lokacin ana wahalar man fetur. Motar da ta kawo surukar ta riga ta juya. Tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba, sai bayan azahar muka sami wata a-kori-kura mai ɗauke da buhuna ta ɗauke mu. 'Yata ta zauna a gaba da yaron, mu tsofaffi muka hau kan buhunan.

A asibiti wani likita ne ya karɓe mu, wanda bai girmi 'yata da yawa ba. Ya ɗauki yaron ya kai shi bakin taga, daidai yadda aka koya mini, ya duba.

"Baba, tun yaushe ya fara?"

"Ban sani ba."

"Ba wanda ya duba shi?"

"An duba shi shekaranjiya."

"Wa ya duba?"

"Ni."

Ya ci gaba da rubutu. Aka tuɓe yaron, aka rufe masa ido da ƙyalle, aka kwantar da shi a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Likitan ya bayyana mini, cikin ladabi, kamar ban sani ba, cewa hasken yana narkar da abin da ke rina jikin jariri kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa, kuma da shekaranjiya aka zo da fitilar kaɗai ta wadatar. Yanzu sai an sauya masa jini. Aka aika Damba aka kira mahaifinsa, aka nemi jini, aka sauya.

Kwana tara muka yi. Kullum ina kan benci ɗaya a baranda, ina sauraren wuta. In an ɗauke, in duba agogo. In janareta ya tashi, in sake dubawa. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya tambaye ni sakamakon. Ranar Asabar aka yanka rago a Bungudu, aka raɗa suna, yaron ba ya gidan, uwarsa ba ta gidan, ni ma haka.

Da muka koma, na tarar matata ta cire bargon da hannunta, ta zare tsummokaran ta ƙone su a bayan gida. Ta same ni a zaure ta tsaya.

"Da ban toshe tagar nan ba, Malam."

"Ke abin da aka koya miki kika bi," na ce. "Ni ne na saɓa abin da aka koya mini."

Ba mu ƙara yin maganar ba. Surukar kuwa ko sau ɗaya ba ta zarge ni ba. Ta ce haka Allah ya nufa, ta ci gaba da aiko mini da man shanu duk kasuwa, tana gaya wa mutane cewa Malam ne ya gano ciwon ya ceci angonta. Na gyara mata zancen sau uku, ta ƙi gyaruwa, na bari.

Yaron ya yi ƙiba, rawayar ta washe. Bayan arba'in suka koma Damba. Ni na san abin da shawara take bari a baya in ta kai inda ta kai, saboda haka kowace Juma'a nakan hau mota in je Gusau, in ce gaisuwa na zo. In zauna kusa da shi, in kira shi daga dama, in kira daga hagu. Wani lokaci ya juyo, in dawo gida da sauƙi a rai. Sai a hanya in tuna inuwata ta gitta masa kafin ya juyo.

Yana wata bakwai, wata Juma'a da la'asar, jerin kwanonin uwarsa ya zube daga kan kabad. Kowa a ɗakin ya zabura, har maƙwabciya ta leƙo. Shi yana zaune a tabarma, bayansa ga kwanonin, yana kallon yatsunsa. Na zagaya bayansa a hankali, inda inuwata ba za ta kai gare shi ba, na tafa hannu kusa da kunnensa. Na sake tafawa. Na ɗauki murfin kwano da cokali.

"Baba, ka bari," in ji 'yata. Karo na farko ke nan da ta dube ni ido da ido. "Na sani tun yana wata uku. Kai nake jin tausayin in faɗa wa."

Na ajiye murfin da cokalin a inda na ɗauke su.

Yaron ya rayu. Yana gani, yana tafiya, amma ba ya ji, kuma likitoci sun tabbatar ba zai ji ba.