Kwat ɗin Malam Isuhu mai hoto

Ina cikin aji da safiyar Litinin Habu, ɗan Malam Isuhu mai hoto, ya kira ni a waya, ya ce mahaifinsa ya rasu bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sallami yara, na nufi gidansa da ke bayan tashar Madawa.

Mutanen zamaninsa sun san shagonsa na ɗaukar hoto: labule mai zanen bene da jirgin sama, da akwatin kayan aro. Akwai tabarau, da agogon da ba ya tafiya, da rediyo marar batir, da baƙin kwat guda mai farin maɓalli ɗaya. 'Yan ci-rani daga Azarori da Babankatami sukan tsaya su sa kayan a ɗauke su, su bar wa iyali hoton kafin su hau mota. Bai taɓa yi wa kowa dariya ba. Yakan ce, "Wanda ya ari riga ba ƙarya ya yi ba, fata ya yi."

Mahaifina na cikinsu. Ya tafi Abijan inna tana da cikina, can ya rasu. Hoto ɗaya ya bari, yana tsaye cikin kwat, hannunsa a kan rediyo. Na tashi ina cika wa yara baki cewa babana ma'aikaci ne, inna kuwa ba ta taɓa gyara mini ba.

Ranar da na je shagon ɗaukar hoton takardun koyarwa, na ga kwat ɗin rataye a ƙusa, da farin maɓallinsa. Na ji kamar wanda na sani a matsayin uba ma na aro ne. Na zaro hoton babana daga aljihu na miƙa wa Malam Isuhu. Ya daɗe yana dubawa.

"Na tuna shi, ɗana," in ji shi. "Manomi na. Duk manomin da ya zo, cewa nikai shi sa hannu aljihu, don kaushi. Babanka ya ƙiya. Ya ce a bari abin da za a haihwa shi ga hannun da za ya ciyar da shi. Kwat ɗin nau na, amma hannun nashi na."

Shekara da shekaru ina kallon kwat, sai ranar na kalli hannun. Na yi kuka a gaban mutane.

Na sha komawa in sa shi ya maimaita mini, bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya don ya faranta mini ba. Yanzu ba sauran wanda ya ji muryar babana a wannan rana. Wajen ta'aziyya Habu ya ce ko ina son kwat ɗin. Na ce a bar shi a ƙusarsa, nawa na riga na karɓa.

Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya haskaka kabarinsa, ya ba Habu da sauran iyali haƙurin rashi. Yadda ya suturta talakawa ba tare da gori ba, Allah ya suturta shi da tufar Aljanna wadda ba ta aro ba. Amin.