Ni da Bindiga Ba Ma Kwana Gida Ɗaya

Ranar da na yi rantsuwar, a ƙofar gidanmu akwai mai unguwa, da liman, da maigidana, da ƙanensa, sai matan unguwa da suka cika zaure suna leƙe. Lokacin ni ce macen da ake shakka a ƙauyenmu, nan gefen Sandamu. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma idona na kan kowa, kuma in na yanke magana ba a sakewa.

Shari'a ce ta shigo da zafinta. Kowa cewa yake sata ta ƙare, mai ajiye bindiga kuwa sai a tambaye shi nufinsa. Maigidana na da tsohuwar bindigar farauta, gadon ubansa. Ya roƙe ni in bar masa, ko biri ya kora a gona. Na zaro ta daga ƙarƙashin gado na miƙa wa mai unguwa, na rantse da Allah ni da bindiga ba za mu sake kwana gida ɗaya ba. Liman ya ce in bi a hankali. Mata suka rangaɗa guɗa, kuma gaskiya guɗar nake nema.

Shekaru suka ja, maigida ya rasu, ɓarayin shanu suka fara shigo mana. Bakunan da suka yi mini guɗa su suka juya. A bakin rijiya wata ta tambaye ni ko da muciya zan tare ɓarayin, aka kwashe da dariya. Babban ɗana ya shiga 'yan sintiri ya sami bindiga. Don kada ya karya mini rantsuwa, sai ya koma kwana a garke, shi kaɗai, bayan gari, matarsa na kallona. Na je wurin liman, ya ce in ciyar da miskinai goma, magana ta wuce. Na kasa. Ta yaya zan tsaya gaban matan nan in ce na yi kuskure? Ga shi har an fara ƙunƙuni cewa 'yan sintirin ma sun wuce iyaka. In na warware yau, gobe gari ya sake juyawa fa?

'Yan'uwana mata, kada ku rantse a kan abin da jama'a ke yayi. Su za su canza baki su yi barcinsu, ke za a bari da Allah.

Washegarin zuwana wurin liman na ɗaure kayana, na hau mota zuwa gidan ƙanena a Mashi, don ɗana ya koma ɗakinsa. Rantsuwata na nan ban karya ba. Gidan ne ba ni da shi.