Telan da Ke Auna Tsagar Bango

Tana jiran ya ɗinke mata zane, tana kallon telan. Dattijo ne siriri, tabarau ɗaure da zare, da alama a zauren tsohon gidan nan ya tsufa. Can sai ya tsayar da keke, ya zaro tef daga wuya, ya auna tsagar bango kamar mai auna ƙugu, ya cusa mata ƙyallaye.

"Baba, ba za a liƙe ta ba?"

"'Yata, hukuma ta ce ginin tarihi ne, kada a taɓa. Magada kuma suna jiran hukuma." Ya ja numfashi. "Duk mun rame, ita kaɗai ke ƙiba."

Ya ƙara jan kekensa kusa da ƙofar fita.