Rumfar Iya ta Koma Ƙurya

Ana sallame sallar asuba muka bar Katsina, mu uku a mota, za mu Kusada gaida Iya, gwaggon ɗaya daga cikin abokan tafiyata. Hanya lafiya lau har Kankia, inda muka karya da koko da ƙosai a tasha. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma.

Kafin mu wuce mun leƙa kasuwa. Na iske sarkin kasuwa yana raba wa masu hatsi wurin zama, shi kuwa ko tiya ɗaya bai kasa ba. Wani mai gero ya ce mani haka al'adar take: mai raba wuri ba ya kasa irin kayan da yake raba wa wuri, don kada ya zaɓar wa kansa bakin ƙofa.

Daga kwalta zuwa Kusada mun sha jijjiga. Iya ta tarbe mu da fura mai sanyi, amma gidan shiru, injin markaɗenta lulluɓe da buhu. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi. Da aka sa mata kayan a wata babbar kasuwar intanet, ciniki ya buɗe har ta sayi injin, ta ɗauki matan unguwa aiki. Sai masu kamfanin kasuwar suka ga abin yana tafiya, suka fito da nasu ƙuli-ƙulin, suka ɗora shi a saman shafin. Nata ya koma can ƙasa, inda yatsan mai saye ba ya kaiwa.

"Ɗiyana, ku da kuka yi boko," in ji ta, "kasuwar ga ba ta da sarki ne? Wa zan kai ma ƙara?"

Muka ce ana ta maganar yi wa irin waɗannan kamfanoni doka. Ta tambaya ko dokar za ta iso kafin damina, don matan sun fara neman aikin gona. Ni dai kunya ta kama ni.

Da la'asar, bayan mun zaga gaishe-gaishe cikin gari, muka juyo gida. Abin da na koyo shi ne, idan mai kasuwa ya zama ɗan kasuwa, dole a sami wanda zai tsawata masa. Dab da Kankia muka wuce wata a-kori-kura, injin markaɗe ɗaure a bayanta. Abokina, ɗan ɗan'uwan Iya, ya gane buhun da ke kansa: injinta ne ta sayar.